Barbarci a Ƙasar Damagaram: Nahawun Harshen da Ke Ja da Baya a Gaban Hausa

1.0 Gabatarwa

Wanda ya halarci hawan salla a ƙofar fadar Damagaram, a unguwar Birni ta Zinder, zai ji ana kiran Ciroma da Galadima da Yarima ɗaya bayan ɗaya. Da Hausa maroƙa ke yi musu kirari, da Hausa dogarai ke amsa gaisuwa a madadin sarki, da Hausa kuma jama'a ke hira a gefe. Sai dai sunayen sarautun nan uku ba Hausa ce ta haife su ba. Daga Barbarci suka fito, wato harshen Kanuri, harshen mutanen da suka kafa wannan gidan sarauta. Sunayen sun zauna daram, amma harshen da ya kawo su ya janye daga fada, ya janye daga yawancin gidajen birnin, ƙarfinsa ya koma gabas.

Ɗalibin harshe da ya tashi da Hausa ya saba jin kukan cewa Faransanci da Ingilishi sun danne harshensa a makaranta da ofis. Kukan yana da tushe. Amma a ƙasar Damagaram akwai ɓangaren labarin da ba a cika faɗa ba, domin a nan Hausa ce ke shiga gida ta maye gurbin wani harshe. Wannan darasi zai bi yadda hakan ta faru, ya bayyana ginshiƙan nahawun Barbarci ta hanyar kwatanta su da na Hausa, sannan ya ɗauko misalin karin Harzani na ƙasar Iran, wanda ke cikin hali makamancin wannan. Abin da ake son ɗalibi ya riƙe shi ne: idan harshe zai fita daga bakin al'umma, kalmominsa kan sami mafaka a harshen da ya gaje shi, nahawunsa kuwa ba ya samun mai riƙo. Saboda haka nahawun ne ya fi bukatar a taskace shi tun da sauran masu magana.

2.0 Yadda Harshen Fada Ya Sauya

Tarihin baka ya jingina kafuwar gidan sarautar Damagaram ga wani malami da ya fito daga ɓangaren Barno a wajajen shekarun 1730. Zuriyarsa ta daɗe tana riƙe da 'yan ƙauyuka a ƙarƙashin inuwar Barno, har zuwa farkon ƙarni na 19 lokacin da Sarki Sulaimanu ya mayar da mazaunin sarauta Zinder. A zamanin ɗansa Tanimu, wanda ya rasu a 1884, masarautar ta kai ƙololuwar ƙarfinta. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa ana ƙera igwa, ya kuma faɗaɗa ƙasa ta kowace kusurwa, duk da cewa a bisa al'ada Damagaram na cikin masu aika gaisuwa Kukawa.

Wannan bunƙasa ita ce ta sauya harshen fada. Da masarautar ta mamaye ƙasashen Tsotsebaki, irin su Mirya da Washa da Dungas, da sauran yankunan kudu, sai masu magana da Hausa suka zama mafi rinjayen talakawanta. Ga kuma fatauci. Zinder ta kasance zango a kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ya bi ta Agadas ya nufi Kano, kuma a unguwar Zango ne Abzinawa da fataken arewa ke sauka. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya zauna a garin daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853, ya ga muhimmancinsa a wannan hanya. Buzu da Balarabe da Babarbare da Bakano suna bukatar harshe ɗaya na ciniki, kuma Hausa ce ta yi wannan aiki. Sai kuma auratayya, wadda ta fi komai tasiri a kan harshe, domin yaro da abin da ya ji a ɗakin uwarsa yake buɗe baki.

Zuwan Faransawa bai tsayar da wannan tafiya ba. Sun ci Zinder a 1899, bayan yaƙin Tirmini, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, suka kuma mayar da garin hedikwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 zuwa 1926. Faransanci ya riƙe ofis, Hausa ta riƙe kasuwa da tasha, cinikin gyaɗa kuma ya ƙara ɗaure yankin da Kano. Bayan samun 'yancin kai, a Zinder ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da harshen gida a 1973, kuma da Hausa aka fara. A 2001 doka ta lissafa Kanuri cikin harsunan ƙasa guda goma, amma kundin da aka fitar a 2025 ya ware Hausa ita kaɗai a matsayin harshen ƙasa. Sakamakon wannan dogon tarihi shi ne, a yau akwai ɗimbin mutane a Zinder da kewayenta waɗanda ke amsa sunan Barebari, suna riƙe da tarihin gidajensu, amma Hausa ce harshensu na farko.

3.0 Matsayin Barbarci da Kare-karensa

Hausa da Barbarci maƙwabta ne na ɗaruruwan shekaru, amma ba dangin juna ba ne. Hausa tana cikin harsunan Cadi, reshe na babban gidan Afirka da Asiya wanda ya haɗa da Larabci da Buzanci. Barbarci kuwa yana cikin harsunan Sahara, tare da Kanembu da Tubanci da Zagawa, waɗanda Joseph Greenberg ya sanya a gidan Nilu da Sahara a rabe-rabensa na 1963. Ɗaya daga cikin wannan ƙaramin dangi, wato harshen Berti na Darfur, ya riga ya mutu, masu shi sun koma Larabci.

Barbarci a dunƙule ba ya cikin haɗarin ɓacewa, domin miliyoyin mutane na magana da shi a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Amma harshe ba ya rayuwa a dunƙule, a kare-karensa yake rayuwa. Akwai karin Yerwa na Maiduguri, wanda aka ɗora daidaitaccen rubutu a kansa a Nijeriya. A Nijar akwai Manga, wanda ya fi yawan jama'a, daga Gure zuwa yankin Difa, da Mobar a bakin kogin Yobe, da karin Bilma a cikin hamada, sai kuma Dagira a gabas da arewa maso gabashin Zinder, wajen Kutus. Dagira da Mangancin yamma su ne ke kan iyaka da Hausa, su ne kuma suka fi jin matsinta.

Rubuce-rubucen nahawu ba su yi wa kare-karen nan rabo daidai ba. Sigismund Koelle ya wallafa nahawun Kanuri a 1854, daga bakin Ali Eisami, ɗan Barno da bauta ta kai Saliyo. Johannes Lukas ya fitar da nasa a 1937, John Hutchison kuma a 1981, sannan shi da Norbert Cyffer suka fitar da ƙamus a 1990. Dukkan waɗannan manyan ayyuka sun karkata ga Barbarcin tsakiyar Barno. Don haka misalan da za su biyo baya na karin Yerwa ne, ba tare da alamar karin sauti ba, kuma aikin ɗalibi ne ya gwada su da abin da ake faɗa a Gure ko Kelle ko Damagaram Takaya. Harafin ə yana wakiltar wani gajeren wasali na tsakiyar baki wanda babu shi a jerin wasulan Hausa.

4.0 Ginshiƙan Nahawu

4.1 Jerin Kalmomi a Jimla

A Hausa aikau ke fara zuwa, sai aikatau, sai karɓau. A Barbarci aikatau ne ke rufe jimla, kuma abin da Hausa ke sa wa suna a gaba, kamar "a" da "zuwa" da "ga", Barbarci a ƙeya yake liƙa shi.

(1) Musa kasuwuro lezəna. Musa ya tafi kasuwa.

A nan kasuwu ita ce kasuwa, -ro na nuna inda aka nufa, lezəna kuma "ya tafi". In aka bi jimlar kalma da kalma, za a ce "Musa kasuwa-zuwa ya-tafi". Sifa kuwa bayan suna take zuwa: fato kura, babban gida, fər kura, babban doki.

4.2 Alamomin Matsayi

Bahaushe yana gane wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa ta wurin zamansu a jimla. "Ali ya kira Musa" da "Musa ya kira Ali" kalmominsu ɗaya, jeri ne ya raba ma'ana. Barbarci yana da ƙananan alamomi da ke liƙe wa suna su faɗi matsayinsa:

-ye, mai aikatawa
-ga, wanda aiki ya faɗa wa
-ro, wanda aka yi dominsa, ko inda aka nufa
-be, mallaka ko nasaba
-lan, wuri ko abin aiki

(2) Aliye Musaga bowozəna. Ali ya kira Musa.
(3) Musaga Aliye bowozəna. Musa dai, Ali ya kira shi.

An sauya jeri a jimla ta (3), amma mai kira bai sauya ba, domin -ye tana nan a jikin Ali. Abin lura shi ne, idan jimla ta bi jerinta na yau da kullum, kuma babu ruɗani, ana iya barin -ye da -ga. Suna zama dole ne idan an juya jeri ko ana gudun ruɗani, kuma wakilin suna da ke matsayin karɓau yana ɗaukar -ga, kamar a shiga rukəna, "na gan shi".

Alamomin nan ba sa tsayawa a jikin suna shi kaɗai, ƙarshen yankin suna gaba ɗaya suke nema. Fato maibe shi ne gidan sarki, in kuma za a ce "zuwa gidan sarki" sai -ro ta hau kan -be, a sami fato maibero. Haka nan fato kuradəro, "zuwa babban gidan", inda -də ke yin aikin madanganci, irin na -n da -r a "gidan" da "rigar".

4.3 Jinsi da Adadi da Mallaka

Jinsi shi ne ƙashin bayan nahawun Hausa. Yana bayyana a suna da sifa da wakilin suna da mahaɗin mallaka: ya zo, ta zo, fari, fara, dokin Musa, rigar Musa. Barbarci ba shi da jinsin nahawu ko kaɗan. Wakilan sunansa shida ne: wu (ni), nyi (kai ko ke), shi (shi ko ita), andi (mu), nandi (ku), sandi (su). Wannan ne dalilin da ya sa Babarbaren da ya koyi Hausa da girma kan haɗa "ya" da "ta", abin da ake yi masa ba'a a kai, alhali tsarin harshensa ne yake bi.

A wajen jam'i kuwa Barbarci ne mai sauƙi. Hausa tana da hanyoyin jam'i masu yawa, kamar a gidaje da dawaki da riguna da makarantu. Barbarci ɗafa-ƙeya ɗaya yake amfani da ita ga kusan dukkan sunaye, wato -wa: fato, fatowa, fər, fərwa, fero (yarinya), ferowa. Kaɗan ne ke kauce wa wannan, kamar kam (mutum), am (mutane). Mallaka ma ɗafa-ƙeya ce: fatonyi (gidana), fatonəm (gidanka ko gidanki), fatonzə (gidansa ko gidanta), fatonde (gidanmu), fatondo (gidanku), fatonza (gidansu).

4.4 Aikatau

A nan ne nauyin nahawun Barbarci ya taru. Hausa tana ware mai aiki da lokaci a wata kalma da ke gaban aikatau: na tafi, ina tafiya, zan tafi. Barbarci yana narkar da su duka a cikin aikatau ɗin. Ga saiwar le-, "tafi", a sigar aikin da bai kammala ba:

lengin, ina tafiya
lenəmin, kana ko kina tafiya
lejin, yana ko tana tafiya
lenyen, muna tafiya
lenuwin, kuna tafiya
lezain, suna tafiya

In aiki ya kammala sai a ce lengəna, "na tafi", da lezəna, "ya tafi". Korewa ma a cikin kalmar take: lengənyi, "ban tafi ba".

Aikatau ɗin Barbarci sun kasu aji biyu. Aji na farko ƙarami ne, kimanin 150, kuma ƙofarsa a rufe take, ba ya karɓar sababbi. Amma a cikinsa ake samun ayyukan yau da kullum: ci, sha, gani, zuwa, bayarwa, mutuwa. A wannan aji alamar mutum na uku tana zuwa a gaban saiwa, ta kuma sauya mata kama: rukin (ina gani), rumin (kana gani), amma surin (yana gani), bukin (ina ci), amma zəwin (yana ci). Aji na biyu shi ne mafi yawa, kuma masana sun nuna cewa asalinsa haɗi ne na saiwa mai ɗauke da ma'ana da wani tsohon aikatau mai nufin "ce", wanda shi ne ke ɗaukar dukkan ɗafe-ɗafe. Shi ya sa a lejin da lezəna alamar mutum na uku ta faɗo tsakiya, bayan le-. Ta wannan ƙofa ce kalmomin aro ke zama aikatau: daga saiwar Larabci ta karatu aka sami kərangin, "ina karantawa". Tsarin ya yi kama da yadda Hausa ke amfani da "yi" ta ce "yi waya" ko "yi faci", sai dai a Barbarci haɗin ya narke ya zama kalma guda.

5.0 Abin da Ya Tsira a Bakin Hausawa

A wata maƙala ta 1960, Greenberg ya nuna cewa kalmomin Hausa da dama da suka shafi ilimi da kasuwanci da mulki ta hannun Barebari suka shigo, ko da asalin wasunsu Larabci ne. "Karatu" da "rubutu" suna ɗauke da -tə, ɗafa-ƙeyar da ke gina sunan aiki a aji na biyu, kamar a kəratə da ruwotə. "Kasuwa" ta zo daga kasugu, wadda ta koma kasuwu a Barbarcin yau. Har ma Hausa ta adana wani tsohon furuci: Barbarci ya sassauta b da g a tsakanin wasula, shi ya sa ake jin ruwo-, amma b ɗin tana nan a "rubutu". Kalmomin da ke farawa da ng kuwa Hausa ta ƙara musu wasali a gaba, kamar yadda ngərma ta zama "ingarma".

Ɗafa-ƙeyar -ma, mai nufin "mai abu" ko "ma'abocin wuri", ita ce ke ƙarshen Galadima da Ciroma da Yarima. Bulama haɗin bəla (gari) ne da -ma, wato mai gari. Fatoma, mai saukar da fatake, fato ne da -ma, wato mai gida. Amma ga Bahaushe waɗannan dunƙulallun kalmomi ne. Ba ya iya ɗaukar -ma ya gina sabuwar kalma da ita, ba ya kuma jin -tu na "karatu" a matsayin ɗafi mai aiki irin na asali. Kalmar ta ƙetaro, ƙa'idar da ta haife ta ta tsaya a baya. Babu ko ɗaya daga cikin -ye da -ga da -ro da ya sami wurin zama a Hausa, haka ma rabuwar aikatau aji biyu. Ana iya tattara ɗaruruwan kalmomin Barbarci daga bakin Hausawa ba tare da an iya gina jimla ɗaya da su ba.

6.0 Misali Daga Iran: Karin Harzani

Wannan hali bai keɓanta da Damagaram ba. A arewa maso yammacin Iran, a lardin Azarbaijan ta Gabas, kusa da garin Marand, akwai wasu ƙauyuka, mafi shahara a cikinsu Galin Ƙaya, inda ake magana da Harzani. Karin harshe ne na Tati, ɗaya daga cikin harsunan Iraniyawa na arewa maso yamma, dangin Talishi na kusa kuma dangin Farisanci na nesa. Kafin yaɗuwar harshen Turkawa a yankin, wadda ta soma tun ƙarni na 11 ta kuma ƙarfafa a ƙarni na 16, harsunan Iraniyawa ne ake yi a Azarbaijan. A yau Azarbaijanci, wanda dangin Turkanci ne, ya mamaye kasuwa da gida, Harzani kuma ya rage a bakin mutane ƙalilan, galibi tsofaffi.

Kamannin da ke tsakanin wuraren biyu a fili yake. Masu Azarbaijanci a Iran suna kukan cewa Farisanci ya riƙe makaranta da ofis, kamar yadda Hausawan Nijar suka daɗe suna kuka da Faransanci. Amma harshen da ya fi shiga gidajen masu Harzani shi ne Azarbaijanci, harshen maƙwabci da suruki da abokin ciniki. Harshen hukuma yana takura ƙaramin harshe daga nesa, na maƙwabci kuwa shi ne ke zama a tsakar gida.

Ta fuskar nahawu, Harzani yana ajiye aikatau a ƙarshen jimla kamar Barbarci, kuma ba ya bambanta jinsi, saɓanin kare-karen Tati na kudu, irin na Takistan, waɗanda ke bambantawa. Sunayensa na da siga biyu, ta kai-tsaye da ta karkace. A shuɗaɗɗen lokaci, idan aikatau so-karɓau ne, mai aikatawa yakan ɗauki sigar karkace ko a nuna shi da ɗan wakilin suna mai liƙewa, abin da ba ya faruwa a lokaci mai ci. Wannan tsari tsoho ne a harsunan Iraniyawa, Farisancin yau ya rasa shi, Azarbaijanci kuma ba shi da shi. Ya bambanta da -ye ta Barbarci, wadda ba ta rataya ga lokacin aiki ba. A tsarin sauti kuma, Harzani ya mayar da tsohuwar d ta tsakanin wasula zuwa r, shi ya sa ranar Juma'a, adina a Farisanci, ta zama arina.

An san waɗannan abubuwa ne domin wasu sun je sun rubuta a kan lokaci. A shekarun 1950 Abdul'ali Karang da Yahya Zoka suka wallafa bayanai a kan Harzani, W. B. Henning ya yi nazarin alaƙarsa da Talishi, daga baya Manucehr Murtazawi ya keɓe aiki a kan aikatau ɗinsa. Da jerin kalmomi kawai suka tara, da ba a san yadda shuɗaɗɗen lokacinsa ke aiki ba. Misali na kusa da gida shi ne na Agadas, inda Barth ya tarar a 1850 ana magana da wani harshe dangin Sanwai. Yau Hausa ta maye gurbinsa, kuma ɗan abin da Barth ya rubuta shi ne kusan dukkan abin da ya rage.

7.0 Aikin da Ke Gaban Ɗalibi

Binciken Nancy Dorian a kan wani karin Gelik da ke mutuwa a Sikotilan, wanda ta wallafa a 1981, ya nuna cewa tsakanin cikakkun masu harshe da waɗanda suka rasa shi akwai wani rukuni na tsakiya, masu magana da shi rabi da rabi. Daga bayansu sai waɗanda Hausawa ke cewa suna ji amma ba sa mayarwa. A bakin rukunin tsakiya kalmomi na nan da yawa, amma sigogin da ba su bin ƙa'ida ɗaya sukan daidaita, abin da ake iya bari kuma akan bar shi. Ma'aunin da hukumar UNESCO ta fitar a 2003 shi ma ya sa miƙa harshe daga iyaye zuwa 'ya'ya a gaban sauran alamomi. Idan aka ɗora wannan a kan nahawun da aka bayyana a sama, ɗalibi zai san wuraren da ya kamata ya fara dubawa.

Na farko, alamomin -ye da -ga. Da yake ana iya barin su a jimla mai sauƙi, wanda bai ƙware ba zai iya daɗewa yana magana ba tare da an gane ya rasa su ba. Hanyar gwaji ita ce jimla irin ta (3), inda karɓau ya riga aikau. Na biyu, aikatau na aji na farko, musamman mutum na uku, domin surin da zəwin ba a gina su da ƙa'ida mai sauƙi, a gida ake tsotsar su. Na uku, jerin kalmomi: shin aikatau na nan a ƙarshe, ko wuri da karɓau sun fara komawa bayansa irin na Hausa? Na huɗu, cunkoson ɗafe-ɗafe irin na fato maibero, da sigogin korewa. Na biyar, yawan saiwoyin Hausa da Faransanci da ke shiga aji na biyu a inda harshen ke da tasa kalma.

Hanya mafi amfani ita ce a zaɓi gida ɗaya mai zuriya uku, kaka da uwa da jika, a gabatar musu da jimloli iri ɗaya, sannan a kwatanta. Sai dai a kula, fassara daga Hausa takan ja mai magana ya bi jerin Hausa, don haka dole a haɗa da magana sakakkiya: tatsuniya, tarihin gida, bayanin yadda ake dafa gishirin mangul ko yadda ake ɗaurin aure. A rubuta wa ke magana da wa da wane harshe, a gida da rijiya da kasuwa da masallaci. A nemi izini kafin a ɗauki murya, a kuma mayar wa masu gida kwafin abin da aka ɗauka. Ɗalibin da ya tarar sigar Dagira ko Manga ta saɓa wa ta littafi kada ya gyara ta zuwa ta Yerwa, domin wannan saɓanin shi ne ainihin abin da ya je nema.

8.0 Kammalawa

An ga yadda faɗaɗar masarauta da fatauci da auratayya suka mayar da fadar Damagaram mai magana da Hausa, da yadda nahawun Barbarci ya sha bamban da na Hausa a jerin kalmomi da alamomin matsayi da jinsi da ginin aikatau. An kuma ga cewa abin da Hausa ta riƙe daga wannan harshe kalmomi ne da sunayen sarautu, ƙa'idojin kuwa sai a bakin masu shi. Hausa ba ta da laifi don ta yaɗu, iyaye ma ba su da laifi don sun zaɓa wa 'ya'yansu harshen da zai kai su kasuwa. Amma ɗaliban harshe na Jami'ar André Salifou ta Zinder da takwarorinsu na Yamai da Kano da Maiduguri suna da abin da masu binciken Harzani suka yi doguwar tafiya kafin su samu, domin masu maganar na kusa da su, wasunsu ma kakanninsu ne. Kundin digiri ɗaya a kan aikatau na aji na farko a ƙauye ɗaya na Kutus gudummawa ce da za ta daɗe ana amfani da ita, kuma a yau ne ake da waɗanda za a tambaya.